Yadda Ake Canza Fad da Faifan Birkin Gaba na Hilux Mai Jan Ƙafa Huɗu

Hilux mai jan ƙafa huɗu, wadda mutanen Nijar ke ce wa kat-kat, tana cin birkin gaba fiye da ƙaramar mota. Nauyinta ya kusa tan biyu tun ba a ɗora mata buhu ko ɗaya ba, kuma duk sanda aka taka birki nauyin nan gaba yake zubowa. Ga yashi da rani, ga laka da damina, dukansu suna shiga tsakanin fad da faifai su yi ta gurza kamar samfefa. Wannan bayani an gina shi a kan Hilux ƙirar 2005 zuwa 2015, wadda ake kira Vigo, mai faifai a gaba da ganga a baya. Prado da Fortuner na wannan zamanin kusan haka gabansu yake, don haka mai su ma zai ƙaru.

Sunaye uku za su yi ta maimaituwa. Faifai shi ne ƙarfen da ke juyawa tare da taya, wanda ake ce wa dis a gareji. Fad su ne takalman nan biyu da ke matse shi. Kalifa kuwa ita ce gidan ƙarfen da fad ke zaune a ciki, kuma a wannan mota fistan huɗu gare ta masu tura fad, biyu ta ciki biyu ta waje.

Yadda za ka gane lokaci ya yi

Ƙarar tsuwa mai kaifi idan ka taka birki a hankali, wannan ɗan harshen ƙarfe ne da aka liƙa wa fad don ya taɓa faifai ya yi gargaɗi. Idan ƙarar ta koma gurnani, ƙarfe na cin ƙarfe, to fad ya ƙare kuma faifan ma ya tafi. Sabon fad kaurin namansa ya ɗan haura milimita 10. Iyakar da Toyota ta sa ita ce milimita 1, amma motar da ke shiga daji bai kamata ta jira nan ba, domin tafiya ɗaya cikin laka tana iya cinye abin da ya rage. Da ya kai milimita 3 a canza.

Faifai kuwa awo ne ke yanke masa hukunci, ba ido ba. A jikin kowane faifai an buga iyakar kaurinsa, a gefen baki ko a tsakiya, kusa da haruffan MIN TH. A auna inda fad ke gogawa, a wurare da dama a kewaye, kada a auna a kan tudun nan da ke fitowa a bakin faifai, don zai ba da awon ƙarya. Faifan da ya kai iyaka, ko ya tsage, ko ya yi kwari mai zurfin da farce ke maƙalewa, ko ya yi tabo shuɗi-shuɗi na zafi, a sauya shi. Kai shi a fiƙe a inji yana da amfani ne kawai idan bayan fiƙewar zai tsaya sama da iyakar.

Sayen kaya

Vigo tana da faifai iri biyu: mai faɗin milimita 297 da kaurin 25, wanda iyakarsa 23, da mai faɗin 319 da kaurin 28, wanda iyakarsa 26. Fad ɗinsu ma ba ɗaya ba ne. Ko a Ƙofar Ruwa za ka saya a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ka tafi da lambar shasi, ka kuma auna faɗin faifan da ke jikin motar, don mota mai shekaru ba lalle abin da ta fito da shi daga kamfani ne ke jikinta ba. In da hali ka tafi da tsohon fad ɗaya a gwada su baya da baya.

Ana canza ƙafa biyu tare. Fad huɗu, faifai biyu. Wanda ya canza gefe ɗaya zai ga mota na fizgewa zuwa gefe in ya taka birki da ƙarfi. Fad na hannu, irin na Beljiyam, ba abin saya ba ne, domin ya riga ya ɗauki siffar wani faifai kuma ba ka san irin zafin da ya sha ba. A duba sabon ma: naman ya manne da ƙarfen bayansa ba tazara, gefensa bai marmashe ba, kuma a cikin kwalin akwai siraran farantan da ke zama a bayansa don hana ƙara. In filoli da sifirin da ke riƙe tsohon fad a cikin kalifa sun yi tsatsa, a haɗa da sababbi, kuɗinsu kaɗan ne.

Sai man birki gwangwani ɗaya wanda ba a buɗe ba, DOT 3 ko DOT 4 gwargwadon abin da aka rubuta a murfin tankin, da feshin wanke birki gwangwani biyu, da giris na birki mai jure zafi.

Kayan aiki: jak mai ɗaukar aƙalla tan biyu, ƙafafun tokare na ƙarfe guda biyu, soket 21 na notin taya, 17 na notin kalifa, 12 na maƙalin bututu, doguwar sandar ƙarin ƙarfi, filaya, guduma da ɗan fanci siriri, babban sukundireba mai faɗin baki, burushin waya, samfefa, sirinji, waya mai ƙwari, da kusoshi biyu masu zare M8×1.25. Sai sifanar awon ɗauri, mai auna ƙarfin ɗaurin noti da ma'aunin niyutan-mita, ita ce kaɗai mai tsada a ciki. A aro ta in babu, don da yawa daga matsalolin da ke biyo bayan wannan aiki daga ɗaurin kintace suke fitowa.

Ɗaga mota

A sami daɓen siminti shimfiɗaɗɗe marar gangara. In ƙasa ce, a sa katako mai kauri ƙarƙashin jak da ƙafafun tokare. A ja birkin hannu, a sa giya ta ɗaya ko P, a tokare tayoyin baya gaba da baya, a bar ƙaramar giya a H2. A sassauta notina shida kwatan zagaye kowanne tun taya na ƙasa, sannan a ɗaga ta shasi, a sauke nauyin a kan ƙafafun tokare. Bulo ba abin tokare mota ba ne, farfashewa yake yi ba gargaɗi. Tayar da aka cire a tura ta kwance ƙarƙashin shasi.

A yi ƙafa ɗaya a gama kafin a taɓa ɗayar. Wadda ba a kwance ba ita ce abin dubawa in kai ya ɗaure. A karya sitiyari yadda kalifa za ta leƙo waje, a ɗauki hotonta da waya, musamman yadda sifirin ya zauna da inda ɗan harshen gargaɗi yake. Ƙurar da ke wurin kada a hure ta da baki ko iskar famfo. Wasu fad masu arha har yau da asbestos a cikinsu, kuma huhu ba ya fitar da shi. A fesa mata feshin wanki ta gangara.

Fitar da fad da mayar da fistan

A wannan kalifa fad ta bayanta suke fita, ba sai an sauke ta ba. Filoli biyu ne suka ratsa kunnuwansu, siririyar waya ta kulle filolin ta ciki, sifirin kuma ya danne fad ɗin don kada su yi kwaramniya. A zare wayar da filaya, a danne sifirin da yatsa don kada ya yi tsalle ya ɓace, a zaro filolin. Wanda ya ƙi fita a juya shi da filaya tukuna, sannan a buga shi da fanci daga ciki.

Kafin a fitar da tsofaffin fad, da su za a mayar da fistan. Buɗe bonet ka dubi tankin man birki. Idan an yi ta ƙara masa mai yayin da fad ke cinyewa, zai tumbatsa in fistan suka koma, kuma man birki yana cin fenti. A zuƙe shi da sirinji zuwa rabi. Sai a sa sukundireba tsakanin tsohon fad da tsohon faifai a tura a hankali, da nauyi mai ɗorewa, ba fizga ba. Fistan huɗun nan mai ɗaya suke sha, saboda haka in ka tura ɗaya wani zai ɓullo. Maganinsa a bar fad na ɗaya gefen a wurinsa, in an gama gefe a cusa katako siriri ya riƙe, sannan a koma ɗayan.

Hanya mafi tsabta ita ce a sa siririn tiyo a kan nonon fitar da iska da ke jikin kalifa, a ɗan buɗe shi yayin turawa, baƙin man da ya daɗe yana dahuwa a kalifa ya fita cikin kwalba maimakon ya koma sama cikin na'urar ABS, mai hana taya kullewa in an taka birki. Sharaɗin a rufe nonon tun ana kan turawa, in ba haka ba iska ta shiga.

A nan ne ake sanin lafiyar kalifa. Fistan huɗun su koma da ƙarfi kusan ɗaya, su shige har su yi daidai da jikinta. Wanda ya kafe, ko robar da ke kewaye da shi ta yage, ruwa da yashi sun riga sun shiga sun sa masa tsatsa. Tsofaffin fad ma suna ba da labari: ɗaya ya cinye ɗaya na nan da kauri, ko kuma ɗaya ya cinye a karkace kamar bakin gatari, duka alamar fistan mai kafewa ce. Sa sabon fad a kan irin wannan kalifa asarar kuɗi ne, cikin 'yan watanni zai ƙone. Sai an buɗe ta an sa sababbin robobi da fistan, ko a sauya ta.

Sauke kalifa da faifai

Bututun da ke shiga kalifa ɗan guntun ƙarfe ne, ba roba ba, yana haɗuwa da tiyon roba a kan wani maƙali da aka ɗaure a jikin ƙafar. Nan mutane da yawa ke yin ɓarna: su kwance kalifa su ja, bututun ya lanƙwashe ko ya tsage. A fara kwance notin maƙalin nan mai lamba 12, yadda bututu da tiyo za su tafi tare da kalifa. A lura da wayar ABS da ke bi ta wurin. Sannan a kwance manyan notina biyu masu lamba 17 na baya, a zare kalifa, a rataye ta da waya a jikin sifirin mota. Nauyinta kada ya sauka a kan tiyo ko na minti ɗaya, domin yana iya tsinkewa ta ciki alhali wajensa lafiya lau.

Faifan Vigo a kan hob, wato ƙarfen mai kusoshi shida da ake ɗaura taya a kai, kawai yake zaune, taya ce ke riƙe shi. Wani lokaci da hannu zai fito. In tsatsa ta kama shi, ga ramuka biyu masu zare a fuskarsa: a ɗaura kusoshin M8 a ciki, a riƙa juya wannan rabin zagaye, wancan rabin zagaye, har ya yi ƙara ya saki. Bugun guduma ba ji ba gani yana kashe boris.

Fuskar hob

Wannan shi ne wurin da ake gaggawa a kai, kuma shi ne ya fi cancantar lokaci. Karkatar da aka yarje wa faifai in yana juyawa ba ta wuce milimita 0.05 ba, abin da bai kai kaurin gashin kai ba. Ɓarɓashin tsatsa ɗaya ko ƙwayar yashi tsakanin hob da faifai ya isa ya wuce wannan, kuma karkatar tana ƙaruwa ne daga tsakiya zuwa baki. Ranar farko ba za a ji komai ba. Amma faifan zai riƙa shafar fad a wuri ɗaya kowane zagaye, wurin ya ɗan fi sauran cinyewa, bayan kilomita dubu kaɗan sitiyari ya fara rawa in an taka birki. Sai a ce faifan jabu ne ko ya lanƙwashe, alhali zaman da aka yi masa ne bai daidaita ba.

A goge fuskar hob da burushin waya, a bi da samfefa har ƙarfe ya yi fari, a tsakanin kusoshi shida da kewayen wuyan tsakiya. A fesa a share. Ana iya shafa giris sama-sama a wuyan tsakiya kaɗai don gaba ya fita da sauƙi. Tun hob na tsirara a juya shi da hannu a saurara, a kama shi a girgiza. In yana gurnani ko yana motsi, boris ya mutu, kuma zai lalata sabon faifai kamar yadda tsatsa za ta yi.

Sabon faifai yakan zo da mai a jikinsa don hana tsatsa. A wanke fuska biyu da feshin birki har farin ƙyalle ya daina baƙi. In babu feshi, ruwan zafi da sabulu sun wadatar, a busar nan take. Kananzir da gas suna barin maiƙo, fetur kuma yana kumbura robobin kalifa. A zura faifan, a ɗaure shi da notin taya biyu da hannu don ya zauna daram.

Haɗawa

A mayar da kalifa, a fara ɗaura notinanta da yatsu don kada zare ya hau zare, sannan a ɗaure su niyutan-mita 123. A mayar da maƙalin bututu. A goge ramin da fad ke zamewa a ciki da burushi, a goge filoli da samfefa har su yi sumul, wanda ya lanƙwashe ko ya yi kwari a jefar.

Giris kaɗan ake so: shafe siriri a bayan fad inda farantai ke zama, da gefunan ƙarfensa inda yake gogar kalifa, da jikin filoli. A motar da ke shiga yashi, giris mai yawa tarkon ƙasa ne. Giris ɗin boris na yau da kullum kuwa narkewa yake da zafi ya gangaro. Ko ɗigo kada ya taɓa naman fad ko fuskar faifai. A zura fad, mai harshen gargaɗi ya koma inda hoton ya nuna. Ya kamata su shiga da turin yatsa. In sai da guduma, ko fistan bai gama komawa ba, ko akwai datti, ko fad ɗin ba na motar ba ne. A sa sifirin da filoli, a kulle da wayar, a tabbata ta shiga ramin kowane fil.

A cire notinan taya biyun da suka riƙe faifai, a sa taya, a ɗaura shida da hannu, a sauke mota, a ɗaure su a tsallake, wannan sannan wanda ke fuskantarsa, cikin zagaye biyu. Rim na ƙarfe a Hilux niyutan-mita 105 ne, na alminiyam a duba littafin motar. Hawa kan sifana da ƙafa yana miƙar da kusoshi, ɗaurin da bai zo ɗaya ba kuma yana karkatar da faifan da aka sha wahalar daidaitawa.

Kafin mota ta motsa

Fistan suna can ciki, nesa da fad. Takun farko feda za ta tafi ƙasa ba birki ko kaɗan, kuma nan ne mota ke shiga bango ko ta hau mutum. Tun injin na kashe a yi ta taka feda, rabi-rabi, ba har ƙasa ba, don kada robobin babban famfon birki su shiga inda ba su saba zuwa ba su yage. Bayan taku goma zuwa sha biyar za ta yi tauri. A duba tanki, a cika zuwa layin MAX. A tayar da inji, a danne feda rabin minti. In tana nutsewa a hankali akwai yoyo. In tana da laushi kamar soso iska ta shiga, sai an fitar da ita da mutum biyu, ɗaya na taka yana riƙewa, ɗaya na buɗe nono yana rufewa, har mai ya fito ba kumfa.

Man da ya yi baƙi ko ya wuce shekara biyu a canza shi gaba ɗaya. Yana shan danshi daga iska: DOT 3 sabo sai ya kai digiri 205 yake tafasa, wanda ya sha ruwa kuwa a 140. A gangara mai tsawo irin ta Hawan Kibo ko saukowa daga Mambila da kaya, wannan bambanci shi ne tsakanin feda mai kamawa da wadda ta faɗa ƙasa. Ruwan sabulu da wasu ke zubawa a tanki a madadin man birki a hanya yana tsatsar da fistan, DOT 5 kuma ba ya haɗuwa da sauran.

Zaunar da sabon birki

A sami miƙaƙƙiyar hanya marar cunkoso. Daga gudun kilomita 60 a taka da matsakaicin ƙarfi zuwa 10, ba tare da tsayawa cak ba, a sake hawa. Sau takwas zuwa goma. Sannan a yi tafiyar minti goma ba a taɓa birki sosai ba don ya huce. Abin da ake nema shi ne fad ya shimfiɗa siririn namansa daidai a kan faifai. In aka tsaya aka danne feda yana da zafi, sai ya bar tambarinsa wuri ɗaya, rawa ta fara daga nan. Ɗan wari a wannan lokaci ba komai ba ne. A kilomita 300 na farko a guji kaya mai nauyi da birkin gaggawa in ba dole ba, a kuma sake bin notin taya bayan kilomita 100.

In an dawo, a kusantar da hannu ga rim biyu ba tare da an taɓa faifai ba. Ɗaya ya fi ɗaya zafi sosai, fistan na kamawa a can. Ƙarar shafa mai bin juyin taya yawanci farantin kare ƙura ne na bayan faifai ya lanƙwashe, a tura shi baya da hannu. Ƙwas-ƙwas a kan gargada kuwa sifirin ne bai zauna ba.

Inda aikin ya sha bamban

Tsohuwar Hilux mai doguwar aksul a gaba da Land Cruiser jerin 70, irin 79 mai buɗaɗɗen baya, faifansu a bayan hob yake ɗaure. Canza fad ɗinsu kamar na sama ne, amma faifai sai an cire makullin hob, da zoben kulle, da manyan notina masu lamba 54, an fitar da boris. Mayarwa na buƙatar sabon sil, sabuwar washa mai harshe, sabon giris da daidaita matsin boris. Wanda bai taɓa yi ba ya tsaya kusa da bakanike a karon farko.

Ranger, Navara da L200 kalifarsu mai zamewa ce a kan filoli biyu masu rigar roba. A can sai an ɗaga kalifa fad ke fita, kuma filolin ne ke kafewa, don haka a zaro su a wanke a shafa giris na silikon. Bayan Prado faifai ne mai ƙaramar gangar birkin hannu a cikinsa: a tokare tayoyin gaba, a saki birkin hannu, in faifan ya ƙi fita a cire ɗan toshin roba da ke fuskarsa a sassauta haƙorin daidaitawa ta ramin. Mota mai birkin hannu na maɓalli kuwa, sai an sa ta a yanayin gyara kafin a tura fistan na baya, in ba haka ba ɗan injin lantarkin da ke jikin kalifa zai lalace.